Dawar da Na Sare Don Sabis

Garinmu a kwari yake. In ka baro Malumfashi ka nufi Funtua, akwai wata burji da ke ratsewa, ta yi ta gangarawa da kai har ka fara jin sanyin fadama. To nan ne. Ruwa yana son wurin, masara da dawa suna son wurin, sabis ne kaɗai ba ya son sa. Duk mai son yin waya sai ya fita bayan gari ya hau wani tudu mai tsohuwar ɗorawa, ya tsaya yana ɗaga hannu sama kamar mai korar shaho. Haka muka saba. Ni abin bai taɓa damuna ba, don ba mai kirana sai mai neman aron garma ko mai sanar da rasuwa.

Mahaifiyata ce abin ya dama. Mu biyu muka rage mata a maza, ni ɗan fari, sai auta. Ni tun ina ƙaramar sakandare aka cire ni aka miƙa min fartanya, shi aka bar shi ya gama, ya tattara ya tafi Legas yana sayar da kayan gwari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, Inna kuwa ta riƙe wannan kunya kamar farilla. Furfura ta cika min gemu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son abu sai ta dubi bango ta ce wa matata, “Ki faɗa wa mijinki,” alhali ina zaune a bakin ƙofa ina jin ta. Auta kuwa sunansa ba ya hucewa a bakinta.

Ya taɓa aiko mata da waya, wata faffaɗa mai shafawa, kamar faranti. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ta yafa mayafi ta kama hanyar tudu, ta zauna a saiwar ɗorawa, ta ɗora farantin a cinya tana jira. Shi ke kira. Ta dawo tana ba kowa labarin farashin tumatir a Legas kamar ita ke da rumfar.

Wata kaka, bayan an gama kwashe amfani, santsi ya ɗebe ta a bakin randa. Ƙugu ya goce. Mun kai ta asibiti a Malumfashi, mun kira mai ɗori, an yi abin da za a yi, amma daga ranar ba ta ƙara fitowa tsakar gida da ƙafarta ba. Ɗakinta kuwa ko ƙamshin sabis babu.

Juma'ar farko na shimfiɗa bargo a baro, na ɗora ta, na tura har tudu. Kowane dutse muka taka sai ta cije baki. Ta yi wayarta, muka dawo, ta kwana biyu ba ta iya juyawa. Da ta samu bakin magana ta ce wa matata, “Ki faɗa wa mijinki ni ba buhun taki ba ce.”

Sai na koma ni ke hawa tudun in karɓi kiran in kawo mata saƙo.

“Ya ce yana gaishe ki.”

“Muryarsa fa?”

“Lafiya lau.”

“Bai yi tari ba?”

“Ban ji ba.”

“Ya ci abinci?”

“Inna, mutum mai mata da 'ya'ya huɗu zan tambaya ko ya ci abinci?”

Ta juya ta dubi bango. Na sa ya yi magana na ɗauko mata muryar a waya, na kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Wannan ai rediyo ne. In na tambaye shi abu zai amsa?”

Daga nan na rasa sukuni. Abu ɗaya ake nema, muryar auta ta shigo ɗakin nan, ta same ta a kan gadonta, ta tambaya ya amsa. Kuma ba wanda zai nemo sai ni, wanda ba a kiran sunansa.

Na kai maganar teburin mai shayi, na yi da na sani. Kowa da layinsa kamar ɗariƙa. Wannan ya ce nasu ne sarki, wancan ya ce nasu ko a rijiya kake zai same ka. Wani ya ce ba layi ba ne, waya ce, sai mai tsada. Wani ya ce ƙarya ne, masu tsadar nan lalatattu ne, sun saba da birni. Na ce to magana ba ta da amfani, kowa ya ba ni tasa in je in gwada. Na bi gida gida ina aron waya kamar mai karɓar zakka. In na tara a kwando sai in shiga ɗakin Inna in riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, ina bin bango, ina leƙa kusurwa, ina hawa turmi, idona a kan ɗan tsinken nan na saman waya da ke nuna sabis. Inna tana kwance tana bina da kallo kamar mai neman inda ɓera ke shigowa.

Duk suka faɗi, har ta limamin unguwa. Wadda ta ci ita ce ta maƙwabcina mai injin niƙa. Kirista ne, tare muka yi kiwon awaki muna yara, ba abin da ba ma faɗa wa juna. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai maɓalli, ta tsage, an ɗaure ta da roba, layin da ke ciki kuwa shi ne wanda kowa ke rainawa. Na kai ta jikin tagar da ke duban gonar bayan gida, sai ga tsinke ɗaya. Na ɗaga ta kaɗan, ya zama biyu. Na kira lambar matata don in tabbatar, aka ce ba a samun ta, alhali tana bayana tana riƙe da tata. Na ce madalla, ko ba komai an ba ni amsa.

Na ce ya sayar min. Ya ce, “Ka ɗauki injin, ka bar min wannan.”

Ya dai ara min ita yini guda. Na bi motar hatsi zuwa Funtua, na shiga layin 'yan waya. Wani mai shago, ƙato mai tsabtar riga, ya tare ni.

“Alhaji, me za a ba ka?”

“Ban je ba.”

“Allah zai kai ka. Ga wannan sabuwar shigowa, hotonta kamar madubi.”

“Ba hoto nake nema ba. Waya mai kunne nake so, wadda ke jin sabis daga nesa. Irin wannan.”

Na ajiye masa ta maƙwabcina. Ya ɗaga ta da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ya nuna wa na kusa da shi, suka yi dariya.

“Rakani-kashi kake so? Ka baro gari takanas saboda rakani-kashi?”

“Kai in ka je ƙauyenmu da madubin naka, fuskarka kawai za ka riƙa kallo.”

Ya tona ƙarƙashin kanta ya zaƙulo min ƙanwarta, kamfani ɗaya, maɓalli ɗaya. Na saya. Na wuce wajen masu rajistar layi a ƙarƙashin lema, na bi layi cikin rana. Da aka zo kaina na'urar ta ƙi karɓar yatsana. Mai rajistar ya ce zanen ya shafe. Na ce fartanya ce ta cinye. Ya ce in goga a goshi, na goga, ya ce in kawo ɗaya hannun, na kawo, sai da muka zagaya yatsu har muka samu wanda noma ya raga wa.

A gida na kafa ƙusa a jikin katakon taga, daidai inda tsinke ke zama biyu, na rataye wayar da tsumma. Na nuna wa matata inda za ta danna murya ta fito fili, don Inna ta ji daga kan gado ba sai an taɓa wayar ba. In aka gusa da ita ko da taƙi ɗaya ne, magana ta yanke. Na hau tudu na ba auta sabuwar lamba. Inna ta sa aka rataye farantinsa a gefe, wai kada a ce ta yar da kyautarsa.

Ranar Juma'a wayar ta yi ƙara a cikin ɗakin. Matata ta danna. Muryarsa ta cika ɗakin, da hayaniyar kasuwarsu, da komai. Inna ta yi wata dariya da rabona da jin irinta tun mahaifinmu na da rai. Na tashi na bar musu ɗakin. Ba wanda ya ce min sannu, ban kuma jira ba. Haka muka ci rani gaba ɗaya. Har ta ɗan yi ƙiba.

Damina ta faɗi. Gonar bayan gida ita ce mafi kyau a gonakina, gadon mahaifinmu, duk takin gida nan yake zuwa. Na shuka mata dawa, kaura, kamar kullum, har jikin bangon ɗakin Inna, don ba na barin ko taku ɗaya a banza. Aka yi noman fari, aka yi maimai, aka yi huɗa. Dawa ta tashi baƙa ƙirin, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce ma sha Allah.

A tsakanin nan waya ta fara iskanci. Muryar auta ta koma kamar mai magana a cikin tulu. Ya ce “Inna” sai sauran ya ɓace. Tsinke biyu ya koma ɗaya, ɗayan ma ya riƙa leƙowa yana komawa. Wata Juma'a aka jira har la'asar, shiru. Na duba, fayau, ba komai.

Na cire ƙusar na matsar sama, na matsar gefe, na mayar inda take. Na cire batir na hura. Na goge layin da bakin riga. Washegari na koma Funtua da zafina, na dangwara wa mai shagon wayar a kan kanta.

“Kunnen nata ya toshe.”

Ya kunna, ya juyo min da ita. “Ga sabis nan cike, Alhaji.”

“Na ce maka ban je ba. Kuma nan Funtua ko tukunya ka ɗaga sama za ta kama.”

“To ni zan bi ka ƙauye in riƙe maka? Damina ce, hadari ne ke danne shi.”

“Ranar da ba hadari fa?”

“Yana hanya.”

Muka yi ta yi har maƙwabtansa suka sa baki, ya canja min da wata. Na kawo, na rataye, babu. Na ari ta mai injin niƙa, mai robar nan, ita ma ta yi shiru a jikin tagar. Shi ya ce kamfanin ne ya juya eriyarsa wani gari. Wani ya ce man injinsu ne ya ƙare. Wani ya ce an fito da sabon layi da ya fi duka. Na tafi Malumfashi na yi rajistarsa, na sake goga yatsa a goshi. Na sake komawa na yi wani. Ina gona hankalina yana kan ƙusa, in na huɗa kunya biyu sai in ajiye in dawo in leƙa. Matata ta ce, “Malam, layukanka sun kusa fin 'ya'yanka yawa, kuma ba wanda ke gaishe ka.”

Na koma hawa tudu ranar Juma'a. Amma ni da auta ba mu da hira. In ya ji muryata sai ya ce ya jikin Inna, in ce da sauƙi, ya ce ya damina, in ce alhamdu lillahi, shi ke nan mu yi ta jin numfashin juna. Sai ya fara tsallake Juma'a. Daga baya ya daina, ni ma na daina hawa.

Inna ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi min. Kokon safe ya fara dawowa yadda aka kai shi. Tuwo ta taɓa gefe ta ture. Ta daina tambayar wace rana ce. In na shiga gaishe ta sai ta dubi wayar da ke rataye, ta dube ni, ta juya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ke Legas ba shi da laifi, kamfani ba shi da laifi, ni da na kafa ƙusa ni ne na kasa. Hannunta ya koma kamar kara. Mai allura da ke zuwa duba ta ya ce ba wani sabon ciwo, a dai lallaɓa ta ta ci abinci. Na ce masa ya zo ya lallaɓa.

Rannan aka yi ruwa da iska, kwanon rufin ɗakinta ya ɗaga a kusurwa. Da safe na jingina tsani na hau da guduma. Wayar tana aljihuna, don na cire ta da niyyar in sake kai ta wajen mai gyara. Ina kaiwa sama sai na ji tana ta ɓari a ƙirjina. Saƙonnin tallar kamfani ne suke ta shigowa, waɗanda suka taru. Na duba, tsinke uku.

Na ɗaga kai. Can nesa wajen titi, ta saman kawunan dawa, ga ƙarfen sabis tsaye siriri kamar allura. Na shekara nawa a gidan nan ban san ana hango shi ba. Na fara saukowa a hankali, wayar a hannu. Uku. Na ƙara taka ɗaya, biyu. Da kaina ya zo daidai tsayin dawa, ƙarfen ya ɓace min, tsinken ma ya ɓace. Na koma sama, ya dawo. Na sauko, ya tafi. Na yi ta hawa da sauka har matata ta fito daga madafa ta tsaya tana kallona.

“Lafiya, Malam?”

“Dawata ce.”

“Me ta yi?”

“Ita ta tare.”

Da rani na zaɓi waya, da rani na zaɓi layi, lokacin da gona take fili fetal, ba abin da ke tsakanin taga da ƙarfen nan sai iska. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin da ido ba ya gani ganyen dawa zai iya tare shi ba. Na zagi mai shago, na zagi kamfani, ashe da hannuna na shuka katangar, na zuba mata taki.

Na fara gwada dabara. Na ɗaura wayar a kan doguwar gora, na kafa ta a bayan ɗaki, ta wuce dawa. Sabis ya kama sosai. Amma daga can sama ko an buɗe murya sai dai tsuntsaye su ji. Na sayo abin kunne, igiyarsa ba ta kai ko rabin gorar ba. Aka ce akwai marar igiya, na aro, Inna ta ce ba wanda zai cusa mata ƙwaro a kunne. Na yi tunanin sauya mata ɗaki, to duk ɗakunan gidan a bayan dawar suke, nata ne ma ya fi kusa.

Saura abu ɗaya. Dawa a lokacin ta yi ciki, wasu sun fara fitar da kai. Ba ta ciyuwa, ba ta sayuwa, in ka sare ta yanzu ka sare ciyawa. Kaka kuwa da sauran tafiya.

Matata ta ce, “Tuwonmu ne fa.”

“Ba duka zan sare ba. Hanya zan fitar.”

“Ka yi haƙuri a girbe mana. In an girbe ai zai dawo da kansa.”

“Kin tabbata Inna za ta jira girbin?”

Ta ɗauki kwanon kokon da aka fito da shi, ta zuba wa kaji.

Da hantsi na hau rufi na daidaita taga da ƙarfen, na je ƙarshen gona na kafa gora da jan tsumma, na dawo na wasa adda. Na tsayar da matata a taga, wayar a ƙusarta, na ce ta riƙa faɗa min abin da ta gani.

Karan farko da na sara ruwa ya tsarto min a hannu. Wanda bai taɓa noma ba ba zai gane ba. Abin da ka tsuguna ka cire wa ciyawa da yatsa, ka hana awaki, ka yi wa addu'ar ruwa, shi ne kake kwantarwa da cikinsa. Da mahaifinmu na da rai da sai ya karɓi addar ya fara da ni.

Kafin in kai rabi mutane sun taru a bakin gona. Wani dattijo ya ce, “Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.” Mai injin niƙa ya zo da garin masara a gira, ya riƙe ƙugu.

“Malam, kwangilar titi aka ba ka ba mu ji ba?”

“In an gama kai zan fara ɗora wa haraji.”

“To bar min karan, in ya bushe shanun ƙanena za su yi maka addu'a.”

Na kai ƙarshe, na ɗaga murya na ce, “Ya zo?”

“Babu.”

Na dawo na ƙara kunya ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Babu. Masu kallo suka fara raguwa, waɗanda suka rage suka daina dariya, wannan ya fi dariyar ciwo. Na fara tunanin ko na yi wa kaina ɓarna a banza, ko rufin ne kawai ke da sabis don yana sama, ba ruwan dawa. Amma wanda ya riga ya tsoma ƙafa a rafi ba ya tsayawa yana tambayar sanyi. Na ƙara faɗi. Na ƙara. Hannuna ya yi kanta ya fashe. Wajen la'asar, hanya ta yi faɗin da amalanken shanu zai wuce ba ya taɓa ganye, sai na ji muryar matata.

“Ya leƙo. Ya koma. Tsaya, ya dawo. Biyu ne.”

Na zauna a kan karan da na kwantar. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba, ƙishirwa kawai nake ji.

Juma'a ta zo. Matata ta yi wa Inna wanka, ta jingina ta da matashi, ta ce mata sabis ya dawo. Aka sauko daga masallaci. Na zauna a bakin ƙofa kamar ina gyaran ƙotar fartanya. Tsinke biyu yana nan daram. Aka kira la'asar, wayar ba ta yi ƙara ba. Inna ta ce wa bango, “Sabis ne. Yana can yana ta nema.”

Ban gaya masa an gyara ba, da gangan. Na ɗauka ɗa ba sai an yi masa aike zai nemi uwarsa ba, ko layi ba ya shiga ai a riƙa gwadawa. Juma'a ta biyu ma haka. Ta sake cewa sabis ne, amma a wannan karon a hankali ta faɗa, kuma ba ta dubi wayar ba. Da can in ta ce sabis ne gaskiya ta faɗa. Yanzu na sare abin da take fakewa da shi.

Na zare wayar daga ƙusa, na bi hanyar da na sara har ƙarshenta inda ba za ta ji ni ba, na kira shi.

“Yaya? Lafiya dai?”

“Lafiya. Me ya hana ka kira?”

“Ai layin ba ya shiga. Na gwada har na gaji, na ce sai bayan damina.”

“Yana shiga.”

“Tun yaushe?”

“Tun da na sare dawa.”

“Wace dawa?”

“Ta bayan ɗakin Inna. Ita ta tare.”

Ina jin hon ɗin motoci da wani yana cinikin albasa a bayansa.

“Gonar Baba? Ɗanya?”

“Kana da wata?”

“Yaya, da ka faɗa min ai da na...”

“Da ka yi me? Ka aiko da wani farantin? Ba ta cin abinci. Ka ba ni lokacin da zan koma in rataye, ka kira. Kada ka ce ni na sa ka.”

Na koma da sauri, na miƙa wa matata ta taga ta rataye. Ban shiga ba, na tsaya a bayan ɗaki a cikin kututturan dawa. Wayar ta yi ƙara. Na ji Inna ta ce, “Danna, danna mana.” Suka yi gaisuwa doguwa, ta tambayi matarsa, ta tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko ya ci abinci, ya ce ya ci. Ta ce, “Ka sha wahalar nema ko? Na ce musu kana can kana ta gwadawa.” Ya ce, “Eh, Inna.” Na tofar da yawu na bar wurin. Da magariba na ga an fito da kwanon tuwonta ba komai a ciki, har an ƙara mata miya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne mutanen gari. Mai injin niƙa ne ya fara gano cewa in ka tsaya a cikin hanyar nan waya tana kamawa, ba sai ka hau tudu ba. Kafin mako ya zagayo bayan ɗakin Inna ya zama dandali. Matan da ba sa iya zuwa tudu, tsofaffi masu ciwon gwiwa, dillalan hatsi, samari, duk nan. Suka tattake min kunyoyin gefe, akuya ta biyo su ta yi nata. Na yi faɗa, na kafa ƙaya, aka ɗage ta. Su waɗanda suka ce na ƙona rumbu, su ne kan gaba.

Inna kuwa taga a buɗe, kunne a buɗe. Ta san wanda zai aurar, ta san wanda surukinsa ya yi fushi, ta san farashin waken soya kafin ni. Na so in rufe tagar, ta ce wa matata a bar mata iskarta. Wata rana ina ɗaurin kara na ji wani saurayi yana rantse wa budurwarsa wai yana Funtua wajen aiki. Sai ga muryar Inna ta taga, ƙarfinta kamar ba ita ke kwance ba: “Ƙarya yake, 'yar nan, ga shi nan a bayan ɗakina.” Yaron ya bar takalminsa ɗaya a cikin kunya.

Da kaka na girbe abin da ya rage. Rumbu bai cika ba, kafin wata damina sai da muka haɗa da masarar sayen kasuwa. Auta yana kira, wata Juma'a ya kira, wata ya tsallake. In ya tsallake ina ba shi kwana ɗaya, ranar Asabar in bi bayan gida in tuna masa da kalmomin da ba zan rubuta a nan ba. Inna tana nan da ranta, ba ta tafiya, amma tana ci.

Bana wake zan zuba a wannan gefen, shi ba ya tashi sama. Sai dai hanyar ba a gonata ta ƙare ba. Daga iyakata akwai gonar wani, daidai kan layin ƙarfen, bara waken soya ya yi shi ya sa ban lura da shi ba. Bana ya ce dawa zai shuka, wai tana kuɗi. Na je wajensa da safe, na koma da yamma, na ce ya bar min faɗin amalanke kawai in ba shi madadinsa a fadama. Ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa. Jiya hadari ya haɗu ta gabas, na ga ya fito da irin dawarsa yana shanyawa.